Faifan 50 Cent na 2003: abin da masu sharhi sunka ce da abin da mu munka ji a Maraɗi, tambayoyi da amsoshi

Sati biyu da sunka wuce ina kwashe kaya a ɗakin tsohuwarmu a Bagalam sai na ci karo da wani kaset cikin kwalin takarduna na lise, an rubuta 50 a jikinshi da jan bik, rubutun har ya kusa gogewa. Na tahi da shi fada da dare don in nuna ma yara, to daga nan fa tambaya ta ɓarke, wanga ya jeho tashi wancan ya jeho tashi har shayi na ukku ya huce ba mu gama ba. Wasunsu haihuwar 2004 ne, faifan ya girme su. Ni aikina gyaran waya da saka waƙoƙi a memori kusa da babbar kasuwa, na hi shekara goma sha biyar ina jin abin da mutane ke tambaya da bakinsu, shi ya sa na ce bari in zamna in tara amsoshin wuri guda, da waɗanda anka yi mini a fada da waɗanda anka turo ta waya daga baya.

Yaya, wai wane faifai ne wanga da kuke ta zuzutawa?

Sunanshi Get Rich or Die Tryin', in an juya shi da Hausa kamar a ce ko dai arziki ko a mutu wajen nema. Shi ne albom na farko da Curtis Jackson, wanda duniya ta sani da 50 Cent, ya hitar a hannun babban kamfani, ranar 6 ga Fabrairu 2003. Mutumin ɗan unguwar South Jamaica ne a yankin Kwins na birnin Niyok, kar ku haɗa da ƙasar Jamaika ta masu rege, wannan unguwa ce kawai. Manyan ƴan rap Eminem da Dokta Dre su sunka tsaya mishi, Dre da hannunshi ya haɗa kiɗin waƙa huɗu ciki har da In da Club. Abu 19 ne a jere in an lissafa da ƴar gabatarwa da waƙa ukku na gyara a ƙarshe.

Da gaske harbi tara anka yi mishi ko dai talla ce?

Gaskiya ne. Watan Mayu na 2000 yana cikin mota a ƙofar gidan kakarshi wani ya buɗe mishi wuta, harsashi tara, a hannu da ƙafafu da ƙirji, ɗaya ya shiga ta kunci ya taɓa harshe, kuma wannan ɗayan shi ya canza mishi murya, irin jan maganar nan da kuke ji kamar yana magana da haƙora a haɗe ba gayu ba ne, rauni ne. Kwana 13 ya yi asibiti. Kamfanin Columbia da ke shirin hitar mishi da faifai ya janye jiki, sai ya koma yana hitar da kaset-kaset na titi da kanshi har ɗaya ya faɗa hannun Eminem a 2002 anka ƙulla da shi kan dalar Amurka miliyan 1. Uwarshi ta rasu yana ɗan shekara 8, kakanni sunka riƙe shi, yana shekara 12 ya fara saida ƙwaya a layi.

Amma kuma an yi talla da abin, wannan ba a ɓoye yake ba. Ku dubi hoton bangon faifan: ga shi tsaye ba riga bayan gilashin da harsashi ya huda. Kahin mutum ya ji waƙa guda an riga an saida mishi labarin.

Ya kasuwa ta amshe shi?

Kamar ruwan farko bayan bazara. Asali ranar 11 ga wata anka sa za a hitar da shi, sai anka tarar ƴan kwafi sun riga sun baza shi a titi da intanet, dole anka matso da ranar. Duk da haka satin farko, wanda bai ma cika kwana bakwai ba, ya saida 872,000 a Amurka ya hau na ɗaya a jerin Billboard. Ni dai lambar da ta hi burge ni ita ce ta sati na biyu, 822,000. Duk ɗan kasuwa ya san talla tana iya kawo mutane ranar farko, amma in sati ya zagayo layi bai ragu ba to waɗanda sunka saya ne ke turo ƴan uwansu. Kahin shekara ta ƙare ya wuce miliyan 6, ba faifan da ya kamo shi a Amurka a 2003, In da Club kuwa sati 9 ta yi a saman jerin waƙoƙi.

Kuma ku tuna duk wanga lissahin ba a saka mu ciki ba. Kaset ɗin Maraɗi da na Damagaram da sidin Kano na kwafi, ko guda ba a ƙirga ba.

Su wane ne ma masu sharhin? Aiki ne ko surutu?

Aiki ne, ana biyansu. Mutane ne da jaridu da mujallu ke ɗauka, in faifai ya hito su zamna su saurare shi tun daga farko har ƙarshe, sau da yawa, su gwada shi da abin da mawaƙin ya yi a baya da abin da na gabanshi sunka yi, sannan su rubuta ra'ayinsu da hujja su ba da maki. Mujallar Rolling Stone ta ba wanga faifan tauraro 4 cikin 5. XXL, wadda ta rap ce zalla, ta ba shi makinta na ƙoli. Akwai Metacritic da ke tattara makin jaridu dayawa ta hitar da matsakaici, can ya samu 73 cikin 100, in da lissahin lakwal ɗinmu ne kusan 14 da rabi bisa 20 ke nan, ya wuce da kyau amma ba shi ne na ɗaya a aji ba. To ku gwada da kasuwa inda ya zo na ɗaya ba ma wanda ke bi mishi kusa. Tazarar nan ita ce duk abin da muke gardama a kai.

To mi sunka yaba, mi sunka kushe?

Abin da kusan kowa ya sallama shi ne kiɗi da amshi. Mutumin ya iya amshi, wannan ko maƙiyinshi bai musa ba, zai ɗauko magana mai ban tsoro ya rera ta da sanyin murya kamar mai lallashin yaro, ba ihu ba kumfar baki, kuma sanyin nan shi ke sa abin ya hi shiga jiki. Kiɗin Dre kuma ba cunkoso, ganga mai nauyi da ɗan abu biyu ukku a kai, an bar ma murya hili. Akwai waƙar da ƙarar ɗana bindiga da harbi su ne ma kiɗin.

Kushen kuwa waje biyu ya hi taruwa. Na ɗaya, zancen bai da faɗi: bindiga, kuɗi, mata, maƙiya, a sake juyowa bindiga, sama da awa guda ana zagaye rijiya guda. Masu sharhi sun saba da irin su Nas da Biggie da Tupac waɗanda ko suna zancen layi za ka ji nadama, ka ji uwa, ka ji tambayar mi ya kai mu nan, a wajen 50 wannan kaɗan ne, sai a Many Men inda yake zancen waɗanda sunka so kashe shi. Na biyu, sun ce an auna abin kamar tiya: ga ta gidan rawa, ga ta ƴan mata, ga ta zagin abokin gaba Ja Rule, ga ta ƴan layi, kowane kwastoma da nashi. Ni a ganina wannan na biyun gaskiya ne amma ba laihi ba ne, ko mai tuwo tana duba masu zuwa rumfarta kahin ta kaɗa miya. Na farkon ne ke da nauyi, kuma na yi shekaru kahin in yarda da shi.

In har ya kai haka don mi bai ci Grammy ba?

An saka sunanshi a bikin Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, na Fabrairu 2004 amma ya tashi hannu rabbana. Kyautar faifan rap OutKast sunka ɗauka, ta sabon mawaƙi kuma ƙungiyar Evanescence masu kiɗin rok, har 50 ya hau dandamali ya ratsa ta bayansu suna tsakiyar amsa ya sauka, don a san bai ji daɗi ba. Masu zaɓen Grammy ƴan cikin sana'ar ne, mawaƙa da masu haɗa kiɗi da injiniyoyin sauti, ba yawan ciniki suke ƙirgawa ba. Sai 2010 ya samu ta farko, ita ma a waƙar haɗin gwiwa da Eminem da Dre.

Ku da ba ku jin Ingilishi, mi kuke ji a ciki fisabilillahi?

Wagga tambayar ƙanwata ta yi ta kuma tana da gaskiya. Mu ƴan lakwal ɗin Faransanci ne, Ingilishinmu na aji bai wuce gaisuwa da sunan kwanaki ba, shi kuma 50 ba ma Ingilishin littahi yake yi ba, na layinsu ne. Amma kunne bai jiran fassara. Abin ya shigo muna ta hanyar da komi ke shigowa garin nan, Kano zuwa Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa, sidi da bidiyo cikin kayan ƴan kasuwa, sai masu dubin su juye a kaset. Cikin ƴan watanni ba shagon askin da ba a jin shi, ƴan kabu-kabu na hura amshin da baki, a gidan bidiyo kahin a saka fim sai an saka kilif ɗinshi inda yake reto kai ƙasa ƙafa sama, yara su yi ta ihu. Rigar G-Unit, ƙungiyar su 50, ta yi tsada wajen ƴan bosho. Kowace unguwa, Zariya, Mokoyo, Sabon Gari, Ɗan Gulbi, sai ka samu wani da anka laƙaba ma Fifti, yawanci wanda ya ɗan tara ƙwanji.

Abu ukku muke ji. Ganga, wadda ko a ƴar rediyo mai batir huɗu tana dukan ƙirji. Murya ta mutumin da bai tsoro kuma bai gaggawa. Sai labarin, an harbe shi tara bai mutu ba, wanda mu a nan take munka fassara da namu: ai yana da maganin ƙarhe. Wallahi an yi gardama a fada kan ko wane malami ya yi mishi aiki.

Sai kuma sunan faifan, wanda shi kaɗai munka iya fassarawa daidai. Ku yara ku duba garin da kuke. Maraɗi garin nema ne, tun zamanin gyaɗa har zuwa Alhazan da sunka yi kuɗi da fatauci tsakaninmu da Najeriya, yaro na tasowa yana jin wane da tallan goro ya fara yau ga shi da titan goma. A gefe guda ga samarin da ba su da jari ba su da aiki, masu tahiya ci-rani Kano da Legas, masu bin Agadas su ratsa sahara zuwa Libiya. Yayana na cikinsu, 2002 ya tahi. To in ka ce ma irin waɗannan ko arziki ko a mutu wajen nema, ba waƙa ka yi musu ba, ka karanta musu takardar tahiyarsu ne. Shekara biyu bayan hitowar faifan, 2005, yunwa ta sauka jihar nan, duk wanda ya ga layin mata da yara a wuraren ba da abinci mai gina jiki ya san kalmar mutuwa a wajenmu ba ado ba ce. Mai sharhin da ke zamne Niyok bai san da wanga sauraren ba, kuma ba a cikin waƙar yake ba, mu munka zuba shi.

Yaushe kunka gane ainihin abin da yake faɗi?

Muna ajin ƙarshe wani abokina ya tahi siber ya biya kuɗin awa guda ya gurzo kalmomin waƙa biyu a takarda, munka kai ma mushenmu na Ingilishi bayan an tashi. Mutumin kirki, bai kore mu ba. Ya fassara muna ta farko layi-layi, da ya zo ta biyun, wadda ake jera haruffa huɗu a amshinta, ya karanta shiru ya ninke takardar ya ce kun san mi kalmar nan ke nuhi? Kawali. Mai tura mata ga maza ya amshi kuɗi. Mu kuwa wata da watanni muna rera haruffan nan a tsakar gida gaban ƙannenmu mata da iyayenmu. Na dawo gida ranar ban iya haɗa ido da Inna ba duk da ba ta san komi ba. Ban daina jin faifan ba, ƙarya ne in na ce na daina, amma waccan waƙar in ta zo ina danna gaba har yau.

Iyaye da malamai fa?

Garin nan ba ya wasa da irin wanga, a ƙarshen 2000 ma an yi tarzoma a Maraɗi da Yamai kan bikin nuna tufafi na FIMA, to faifan ya zo ne ƙurar ba ta gama kwanciya ba. Baba bai taɓa tambayar mi waƙar ke cewa ba, hoton da na manna a ɗaki ya gani, ƙato ba riga da sarƙa a wuya, ya ce kahin magariba ya sauka, ya kuma sauka. Malaminmu na makarantar dare shi bai yi faɗa ba, ya dai karanta muna aya ta 36 cikin Suratul Isra'i, cewa ji da gani da zuciya duk za a tambayi mutum a kansu, ya ce in ba ku san abin da kuke zuba ma kunnenku ba ku tambaya. A lokacin na ɗauka bai waye ba. Daga baya na lura abin da ya ce mu yi, a tsaya a ji mi anka faɗa kahin a yaba, shi ne dai aikin da ake biyan masu sharhi su yi.

Wani ya ce ai wanga ba al'adarmu ba ce sam. Haka ne?

A nan ni da shi mun rabu. Wanda ya ce Bahaushe bai san waƙar ƴan layi ba bai saurari na gida ba. Kassu Zurmi ƴan tauri ya yi ma waƙa, masu wasa da wuƙa. Gambu sunan da anka san shi da shi ke nan, mai waƙar ɓarayi, yana kiran su da suna yana zuga su, kuma kaset ɗinshi ya shiga gidaje da motocin haya ba adadi, mutanen kirki na ji suna dariya suna girgiza kai, daga baya shi da kanshi ya ce ya tuba ya bari. Ɗan Anace ya wasa Shago har mutum ya ji kamar ya naɗe hannu ya shiga dambe. Ku tahi hilin kokowa na Kantu in ana gasar takobi ku ji ɗan kokowa na kirari, ni ne kaza ni ne kaza, wanda ya taɓa ni uwarshi ta yi kuka, mi ya raba shi da abin da 50 ke yi? Kirari ne, shi ya sa kunnenmu ya gane shi tun ba a fassara ba.

Inda sunka bambanta shi ne kirarin kokowa yana da hili yana da alƙali, in an kada mutum a tashi a rungumi juna kowa ya koma gida. Nasu can ba alƙali. An kashe Tupac 1996, an kashe Biggie 1997, Jam Master Jay wanda ya koya ma 50 yadda ake tsara amshi an harbe shi cikin sutudiyo a Oktoba 2002, wata ukku da ƴan kwanaki kahin faifan ya hito. Pop Smoke da ya taso yana koyi da 50 an kashe shi 2020 yana ɗan shekara 20. Kuma Gambu ba kamfanin da ya zuba miliyoyi don a kai shi kowane kunne a duniya.

Kenan ya lalata tarbiyyar yara?

Mu goma sha ɗaya ne a fadarmu ta lokacin, ba wanda ya taɓa riƙe bindiga, yau akwai malamin makaranta akwai direba akwai mai shagon siminti. Waɗanda ƙwaya ta ci a unguwa ba waƙa ta kawo musu tramol ba, zaman banza ne da arahar abin. Shi kanshi 50 ya sha faɗi cewa bai damu da giya ko hayaƙi ba, yana waƙarsu ne don ana saye. Amma ba zan wanke shi tas ba. Abu biyu sun manne muna: son a ga kana da shi ko ba ka da shi, da kuma yadda bakinmu ya yi sauƙi a kan mata. Na biyun ya ɗau lokaci kahin ya hita, wasu har yanzu.

Ƴan rap ɗin Nijar sun kwaikwaye shi?

Sun ɗauki wando da hula da tahiya, zancen kuma sunka bar mishi. Rap ɗin ƙasar nan ya riga faifan tasowa, kuma ya hi shan nono wajen na Faransa da na Senegal irin su Positive Black Soul. Lakal Kaney, Wass-Wong, Kaidan Gaskia, ZM, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci suke yi, kuma abin da ke bakinsu rashin aiki, cin hanci, auren dole, sida, karatun ƴa mace. Yaron da zai tashi a Yamai ko Maraɗi ya ce ya harbe mutum goma dariya za a yi mishi, kowa ya san gidansu.

Akwai ma wani abu da ya faru a Disamba 2004 da ya raba kan masu saurare a nan. 50 ya zo wasa Najeriya, a cikin jirgi rigima ta tashi tsakanin mutanenshi da ɗan rap ɗin Najeriya Eedris Abdulkareem, wanda tashin Kano ne, kan kujerar da anka keɓe ma baƙo, Eedris na cewa don mi za a fifita na waje a wulaƙanta na gida, har 50 ya katse sauran wasannin ya koma. A fadarmu sati guda anka yi ana musu, rabi na bayan Fifti rabi na cewa ɗan Kano ya yi daidai. Ni ranar na fara tambayar kaina don mi na haddace amshin mutumin Kwins ban san waƙa guda ta yaran garinmu ba.

To a ƙarshe wa ya yi gaskiya, masu sharhi ko masu saurare?

Bari in ba ku abin da nake gani a shago. Faifanshi na biyu, The Massacre, a 2005 ya saida sama da miliyan 1.1 cikin kwana huɗu, ya hi na farkon gudu nesa. Yau in mutum ya ce a saka mishi 50 a memori, daga wancan na biyun waƙa ɗaya ko biyu yake so, na farkon kuwa cewa ake a zuba shi duka. Kenan yawan ciniki kaɗai bai nuna abin da zai daɗe. A Satumba 2007 sunka hitar da faifai rana guda shi da Kanye West, Kanye ya saida 957,000 shi 691,000, daga nan kowa ya san iska ta juya, kuma abin da ya kada shi shi ne dai abin da masu sharhi sunka nuna tun 2003, zance guda ne bai da na biyu.

Amma su ma sun dawo sun ƙara mishi. A 2020 Rolling Stone ta saka shi na 280 cikin faifai 500 da ta ce sun hi kowane a tarihi. Kuma waƙar da yaran yanzu sunka hi tambayata ba ta gidan rawar ba ce, Many Men ce, wadda a lokacin ba ta yi tashen sauran ba, ita ce kuma wadda ciwon ke ciki da gaske. Ni dai in an matsa mini: kunnenmu ya yi daidai a kan kiɗi da murya, su sun yi daidai a kan abin da babu a ciki, kuma 14 da rabin nan da sunka ba shi na ga adalci ne ko da yake ɗan shekara 18 ɗin da nake a da zai yi hushi da ni.

Don mi mu ba mu da masu sharhi irin nasu?

Wagga ita ta hi ci mini rai. Yaro zai tara kuɗin kabu-kabu wata shida ya shiga sutudiyo ya hitar da waƙa takwas, ya baza a WhatsApp da TikTok, abin da zai samu biyu ne: abokai su jera mishi hoton wuta su ce ba kamar kai, ko wani ya zage shi har iyaye. In ka ce mishi baiti na biyu ya yi rauni sai a ce hassada. To ta ina zai gyara? 50 da duk kuɗinshi an zamna an gaya mishi inda ya gaza a rubuce, namu ba mai gaya musu.

Bara wani yaro ɗan Sura Bildi ya kawo mini waƙoƙinshi, ya ce kawu saurara ka gaya mini gaskiya. Na ce kiɗinka ya yi, Hausarka ta yi, amma amshinka ya yi tsawo ba mai iya riƙe shi, kuma kana zancen bindigar da ni da kai mun san ba ka taɓa gani ba alhali babanka shekara talatin yana dako a tasha ba ka ce komi a kanshi ba. Wata biyu bai gaishe ni ba. Ranar da ya dawo da sabuwar, ta dakon, sai da na sa anka kashe injin shago na ji ta sau ukku. Ga ɗalibai cike da jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ga gidajen rediyo, mutum biyu ukku sun isa su fara, a ɗauki albom guda a wata a faɗi abin da ya yi da wanda bai yi ba, da Hausa, da hujja, ba tare da an amshi na goro ba.

Ina 50 ɗin yake yanzu?

Yana nan, ya hi ba da ƙarhi a fina-finan talabijin, shirin Power da ya fara 2014 yana cikin waɗanda sunka shirya shi. A 2015 ya kai kanshi kotu ya ce bashi ya hi ƙarhinshi, ya kuma farfaɗo. A 2023 ya zagaya duniya da wasa don cikar faifan shekara 20.

Kawu, kaset ɗin da ka tsinta yana yi kuwa?

Yana yi. Mai shayin bakin layinmu na da tsohuwar rediyo mai kaset, can munka kai shi, zaren ya ɗan tauna a wuri guda na naɗe shi da bik kamar da. Sautin ya dushe amma gangar na nan, yara sunka yi tsit har gefen farko ya ƙare anka juya.

Abin da na manta shi ne ba sabon kaset na saya ba a 2003, ban da kuɗin, wani na ɗauka a gida na kai anka ɗora a kai. Da waƙar ƙarshe ta ƙare sai zaren ya ci gaba da tahiya, anka ɗan yi shuuu, sai ga muryar yayana. Saƙon da ya aiko daga Libiya ne, lokacin ba waya, a kaset ake magana a ba mai zuwa gida. Duk na goge shi sai abin da bai kai minti guda ba. Yana cewa a gaida Inna, a ce mata aiki ya fara samuwa, a ce ma ƙanena ya riƙe karatu, in Allah ya yarda da babbar salla yana gida. A can ya rasu 2006, zazzaɓi, ba mu ga gawarshi ba, Allah ya jiƙanshi. Na ce ma mai shayi ya maida baya kaɗan, na kara wayata jikin lasifika na ɗauka, da sahe na kai ma Inna.